Daga allo ɗaya zuwa siki biyu: tambayoyi da amsoshi ga gwanin sinobod mai son yawon tsauni

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zamiya a kan sinobod, allon nan guda ɗaya da ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa a kaikaice, kafin in taɓa ɗora ƙafa a kan siki, siraran alluna biyu da kowace ƙafa ke da nata. Ba gajiya da allon na yi ba. Abokaina ne a nan Innsbruck ta Ostiriya suka daina bin layin lif, na'urar da ke kai mutane saman tsauni, suka koma hawan tsauni da ƙafarsu: su manna fata a ƙarƙashin siki don kada ya zame baya, su yi ta tattaki har ƙololuwa, su sauko ta inda babu wanda ya taka. Ni kuwa ina biye da allo goye a baya, ina lumewa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, suna tsayawa jirana a kowace kwana. Shi ya sa na koyi siki. Tun daga nan 'yan'uwa da ke zaune a Turai da Amurka da Kanada suke yi mini tambayoyi kusan iri ɗaya. Ga su na tara, da amsar da zan ba ƙanena in da shi ne ya tambaya. Dusar ƙanƙara zan riƙa ce mata dusa kawai, don kada baki ya gaji.

Na ƙware a allo. Kwana nawa zan yi kafin in iya siki?

Ya danganta da abin da kake kira iyawa. In saukowa ce daga hanya mai shuɗiyar alama, wato mai sauƙi, ba tare da ka tumurmushe ba, yini biyu ko uku sun ishe ka, domin rabin wahalar sabon shiga ka riga ka sha ta tuntuni. Ba ka tsoron gudu. Ka san bakin ƙarfen da ke gefen allo shi ke cizon ƙanƙara. Kana gane dusa mai laushi da daskararriya tun daga nesa. Ka san layin da ruwa zai bi in an zuba shi daga saman gangara, kuma gabanka ba ya faɗuwa in ka fuskance shi.

Sai dai mutanen wannan harka suna da wata magana da na tarar gaskiya ce: allo wuyarsa a farko take, siki kuwa tasa tana gaba. Yawon tsauni ba ya tambayar ko ka iya gyararriyar hanya, wadda a nan ake ce wa fiste. Abin da yake tambaya shi ne ko za ka iya sauka a kan dusa mara kyau, da jaka a baya, bayan cinyoyinka sun yi awa uku suna hawa. A ganina wannan sai ka ba shi hunturu guda cur, kamar kwana 20 zuwa 30 a kan siki.

Waɗanne halayen allo ne za su bi ni su dame ni?

Na farko kafaɗa. A kan allo jikinka a kaikaice yake, kuma da yawanmu mun saba fara juyawa da kafaɗa. A siki ƙirji yana kallon ƙasan gangara, ƙafafu ne ke juyawa a ƙarƙashinsa. In ka wurga kafaɗa, wutsiyar sikin ta zame, ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito.

Na biyu shi ne zama baya. Duk ɗan allo ya san daɗin jingina kan ƙafar baya in dusa ta yi zurfi. Yi haka a siki ka ga yadda zai gudu ya bar ka. Ƙwaurinka ya kasance yana danne harshen takalmi koyaushe. Ranar da ka ji sha-raɓarka ce ke gugar bayan takalmin, to ka koma gidan jiya.

Na uku, ƙafafunka sun shekara goma suna aiki kamar ƙafa ɗaya. Yanzu kowacce da nata aikin, kuma nauyi yana kan ƙafar waje, wadda ke ɓangaren kwari. Zuciyarka za ta ce ka kwanta wajen tsauni, nan ne ake jin kamar akwai tsira. Ƙarya take yi maka.

Akwai kuma faɗuwa, wadda ita ma sai an sake koyonta. Ɗan allo wuyan hannu yake karyawa, ɗan siki gwiwa yake rasawa, musamman jijiyar nan mai gicciye ta cikin gwiwa. Yawanci tana tsinkewa ne idan mutum ya faɗi ta baya yana murɗewa, sannan ya yi ƙoƙarin miƙewa alhali bai gama zamewa ba. In ka faɗi, ka faɗi. Bari ka tsaya cak kafin ka tashi.

Dole sai na ɗauki malami? Ai ni ba baƙo ba ne a tsauni.

Ɗauki. Ko darasi uku ne na awa bibbiyu, kai da shi kaɗai, ka gaya masa daga allo ka fito. Zai fara da kai daga garma, wato haɗa hancin siki biyu a ware wutsiyoyinsu, kuma yara 'yan shekara biyar za su riƙa wuce ka suna waiwaye. Gemu ba ya hana ilimi. Ni na ƙi ɗauka a hunturun farko don girman kai, na koya wa kaina wurga kafaɗa, na ƙare da biyan malami a na biyu don ya cire mini abin da na dasa.

Me zai hana in sayi allo mai rabuwa biyu in huta da wannan duka?

Tambaya ce mai kyau, kuma ga wasu amsar ita ce babu abin da zai hana. Allo mai rabuwa ana tsaga shi gida biyu a tsaye, a hau da shi kamar siki, a ƙololuwa a haɗe shi a sauko kamar yadda aka saba. Kamfanin Voilé na jihar Utah ne ya fara sayar da kayan haɗa shi a shekarun 1990, kuma na yanzu, da maɗauran kamfanin Spark R&D ko Karakoram, sun yi nisa ƙwarai. In burinka shi ne ka hau gangara ɗaya mai tsabta ka sauko cikin dusa mai kamar gari, ka ajiye wannan shafi ka je ka saya. Tun ranar farko za ka sauko a matsayin gwani, kuma wannan ba ƙaramin aminci ba ne.

Inda siki ya fi shi a fili yake. Wajen ratsa gangara mai tauri a kaikaice, takalmin allo mai laushi ba ya danna baki yadda ya kamata. A dogon kwari mai shimfiɗe, ɗan siki yana tura kansa da sanduna ya wuce, ɗan allo ya kwance ƙafa ya yi ta ɗingishi. Sannan duk inda hanya ta yi hawa da sauka, sai ya rarraba allo ya harhaɗa, da yatsu a daskare, jama'a na jira. Doguwar tafiya daga bukka zuwa bukka, irin wadda ake yi daga Chamonix a Faransa zuwa Zermatt a Suwizalan cikin kamar mako guda, ana yin ta da allo, amma da siki aka tsara ta. In irin wannan ce ke ranka, ko hawan Toubkal na Maroko mai tsayin mita 4,167, wahalar koyon siki za ta biya.

Zan iya koyo kai tsaye a kan kayan yawon tsauni, in tsira da kuɗin kaya biyu?

Za ka iya, amma ban ba ka shawara ba. Kayan yawo an rage musu nauyi don hawa, kuma duk abin da aka rage a nauyi an rage shi a natsuwa. Siki mara nauyi yana rawa a kan ƙanƙara mai tauri, mai koyo kuwa ba zai gane ko laifinsa ne ko na kayan ba. Ga kuma maɗauri, abin da ke riƙe takalmi a kan siki: mai koyo yana faɗuwa sau goma a yini, yana bukatar wanda aka ƙera don ya saki ƙafa kowane lokaci.

Yi lissafi ma. Yini guda a lif zai ba ka saukar mita dubu biyar ko fiye. Yini guda a yawon tsauni, ka hau mita dubu ka sauko mita dubu, shi ke nan. Wanda ya ce zai koyi sauka a yawon tsauni, abin da wani ya samu a mako shi sai ya yi hunturu. Yi hayar kayan fiste, ko ka sayi na hannu masu araha.

Ta yaya zan san na isa barin gyararriyar hanya?

Idan kana sauka daga jar hanya, wato matsakaiciya, da siki a jere ba tare da tunani ba, kana sauka daga baƙa, mafi wuya, ko da babu ado, kana iya zamewa a kaikaice ka tsaya daidai inda ka nufa, kuma ka gwada kanka a dusar da ke gefen fiste da la'asar, bayan an tattake ta ta zama kunya-kunya. Babban alƙali shi ne abin da Jamusawa ke kira Bruchharsch: ɓawo a sama, laushi a ƙasa, ya ɗauke ka taku biyu ya fashe a na uku. Allo yana yawo a kansa saboda faɗi. Siki kuwa kowace ƙafa sai ta kama gabanta. Ba wanda ke jin daɗinsa, amma sai ka iya fita daga cikinsa da gwiwoyinka.

To in zan fara saye, me zan fara da shi?

Takalmi, kuma a nan ne kaɗai zan ce kada ka yi ciniki. Ka saba da takalmin allo mai taushi kamar na yawo, don haka duk takalmin siki da ya yi maka daidai za ka ji kamar ya matse, wanda ka ji daɗinsa a shago kuma ya yi maka yawa. Haka ta faru da ni. Mai wani shago ya ga ina yatsine fuska, ya ƙara mini lamba guda, na fita ina murna. Bayan kwana goma safar cikin, wato soson da ke cikin kwanson takalmin, ta kwanta, diddigena ya riƙa tashi a kowane taku, na sauko daga tsauni da bororo biyu kamar ƙwai.

Ana auna takalmin siki da tsawon ƙafa a santimita, ma'aunin da ake kira mondo: ƙafa mai santimita 27 takalminta 27 ko 27.5. Faɗin gaba yawanci tsakanin milimita 98 ne da 103, kuma mai faffaɗar ƙafa ya nemi na sama. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a zare safar ciki, ka sa ƙafa a kwanson roba, ka tura yatsu su taɓa gaba. Abin da ya rage a bayan diddige kada ya wuce yatsa ɗaya da rabi zuwa biyu, wato kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Je wurin mai gyaran takalmi na gaske, wanda zai gasa safar ta ɗauki siffar ƙafarka, ya buɗa kwanson inda ƙashi ya fito. Je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da siririyar safa guda ɗaya.

Game da nauyi, akwai na tsere da ba su kai kilo ɗaya ba, akwai masu ƙugiya huɗu da ke kai kilo ɗaya da rabi ko fiye. Kai na tsakiya zuwa sama kake so, kamar giram 1,300 zuwa 1,600 kowace ƙafa, irin su Scarpa Maestrale ko Tecnica Zero G. Takalmi mara nauyi sosai yana bukatar wanda ya riga ya san tsakiyar sikinsa, domin ba zai tare ka ba in ka koma baya. Lambar tauri da ake rubutawa, 110 ko 120 ko 130, kada ka ɗauke ta da zafi, kowane kamfani da nasa awon. Tabbatar dai yana da ramukan ƙarfe biyu a hanci da wurin fil a diddige, inda maɗauri ke kama shi, da maɓallin da ke sakin wuyansa don tafiya.

Maɗauri kala-kala ne. Wanne ne nawa?

Gida uku ne. Akwai mai firam, inda takalmi ke zaune a kan wani dogon ƙarfe da ke ɗagawa tare da diddige. Yana karɓar takalmin fiste, yana saki da kyau, amma a kowane taku kana ɗaga maɗaurin gaba ɗaya. Zamaninsa ya kusa wucewa.

Akwai mai fil, wanda wani ɗan Ostiriya, Fritz Barthel, ya ƙirƙiro a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya yaɗa shi. Fil biyu ne ke cafke hancin takalmi ta gefe da gefe, diddige ya zauna sake wajen hawa, a sauka kuma a taka shi ya shige wasu fil biyu. Nauyinsa giram 200 zuwa 400 ne, kuma ba ka ɗaga komai sai takalminka. Aibinsa shi ne yawancinsu ta diddige suke saki in ƙafa ta murɗe, ba ta hanci ba kamar na fiste, kuma ba su da yawan juriyar girgiza kafin su saki.

Sai na tsakiya. Marker Kingpin yana da fil a gaba da diddige irin na fiste. Fritschi Tecton yana saki ta hanci. Salomon Shift, wanda ya fito a 2018, da fil ake hawa da shi, a sauka kuma hancinsa ya rikiɗe ya koma na fiste sosai, sai dai ya kusa giram 900 kuma ba kowane takalmin yawo ne ke shiga cikinsa ba. Tambayi mai shago ya gwada da takalminka a gabanka.

Ra'ayina: in siki ɗaya za ka mallaka, ka riƙa hawa lif da shi rabin lokaci, ɗauki na tsakiya, ka haƙura da nauyin. In kana da na fiste daban, ɗauki mai fil mai ɗan jiki, wanda ke da birki kuma ana iya saita ƙarfin sakinsa, ka bar na 'yan tsere. Abu ɗaya kuma: maɓallin hancin mai fil ana ja shi sama a kulle don hawa kawai. Kada ka sauko da shi a kulle. Ka saba da allon da ba ya rabuwa da kai, to a nan rabuwar ita ce rahama.

Lamba nawa zan sa wa sakin maɗaurin?

Ba kai za ka zaɓa ba. Lambar, wadda ake kira DIN, ana fitar da ita daga jadawali bisa nauyinka, tsawonka, shekarunka, tsawon tafin takalmi da irin tuƙinka. A tambaya ta ƙarshen nan ne 'yan allo ke cutar kansu, su ce su gwanaye ne. A siki kai ɗan koyo ne. Faɗi haka, a saita maka, a gwada a na'ura.

Sikin fa? Wane faɗi, wane tsawo?

Idonka ya saba da faɗi, allo yana da kusan santimita 25 a ƙugu, don haka za ka ga siki mai milimita 115 ka ji shi ne naka. Kada ka saya. Faffaɗan siki yana da wuyar kafa baki, yana gajiyar da gwiwa a kan tauri, fatarsa ma ta fi nauyi. A tsaunukan Alps, inda za ka haɗu da kowace irin dusa a yini guda, milimita 88 zuwa 98 a ƙugu ya wadatar. Wanda ke yammacin Kanada ko Utah, inda dusa ke zuba da yawa, zai iya kaiwa 105.

Tsawo kuwa, tsakanin hancinka da goshinka, wato ka rage kamar santimita 5 zuwa 10 daga tsawonka. Gajere ya fi sauƙin juyawa a cikin itatuwa da wajen juyin shuri, wanda zan bayyana a gaba. Nauyi kamar giram 1,300 zuwa 1,600 kowane ɗaya, mai ɗan ɗagaggen hanci. Masu tafiyar ƙasa suna cewa kilo ɗaya a ƙafa ya kai biyar a baya, kuma akwai gaskiya a ciki, amma wanda bai gama iya sauka ba gara ya sha wuya a hawa da ya sha ta a gangara.

Wace irin fata ce wannan da ake mannawa?

Da can fatar wata dabbar teku ce ta gaske, shi ya sa har yau Faransawa ke kiranta da sunan dabbar. Yanzu ƙyalle ne mai gashi kwance gefe ɗaya: ka tura gaba ya zame, ka ja baya ya cije. Ɗaya fuskar gam ce. Akwai ta gashin akuyar Angora, mai santsi da sauri amma saurin cinyewa. Akwai ta nailan, mai riƙo da ƙarko amma nauyin ja. Sayi gauraye, mai kamar kashi 70 gashin akuya, daga Pomoca ko Colltex ko Contour ko makamantansu. A yanka ta daidai sikin, ta rufe cikin amma ta bar bakin ƙarfe a waje.

Gam ba ya son dusa, ba ya son gashin kare, ba ya son zafin murhu. In za ka sake hawa a yinin, naɗe ta ka cusa cikin riga ta sha ɗumin jiki. Da bazara kuma riƙe ɗan kaki a aljihu, domin jiƙaƙƙiyar fata in ta shiga busasshiyar dusa sai ta tara dunƙule a ƙarƙashi, ka ji kamar kana jan bulo.

Sauran tarkace?

Sanduna masu tsawaita da faffaɗan faifai a ƙasa. Haƙoran siki, waɗanda ake sa wa maɗauri in gangara ta daskare da safe. Sayi masu dacewa da maɗaurinka da faɗin sikinka, kuma ka sa su tun kafin ka shiga wurin da kake bukatarsu. Jaka mai lita 30. Hular kwano. Tufafi hawa-hawa, ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, don jibgegiyar rigar allonka za ta jiƙa ka da gumi cikin minti goma.

Na daɗe ina sauka a gefen fiste. Sai na yi wani kwas na zaftarewar dusa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi. A gefen fiste akwai ma'aikatan da suka tashi da asuba suka tayar da gangarori masu haɗari da nakiya, ga kuma ɗaruruwan mutane da suka tattake dusar. A tsauni babu kowa sai kai da abokanka. Kusan tara cikin goma na waɗanda zaftarewa ta rutsa da su, su ne ko wani a ayarinsu suka tayar da ita. A Turai tana kashe mutum kusan ɗari a shekara.

Mafi yawanta a gangara mai digiri 30 zuwa 45 take tashi, wato daidai irin gangarar da ɗan allo ke mafarki. Ma'aunin haɗari na Turai, wanda aka amince da shi a 1993, hawa biyar ne, kuma kusan rabin mace-macen a hawa na 3 ake yin su, ba a na 5 ba, domin a na 3 ne rana ke fitowa, dusa ta yi kyau, mutane su ce ai ba komai. Alƙaluman Suwizalan da aka wallafa a 1994 sun nuna wanda aka tono cikin minti 15 na farko, fiye da kashi 90 cikin ɗari suna rayuwa, amma zuwa minti 35 abin ya faɗo kusan kashi 30. Jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa cikin wannan lokaci. Abokinka ne zai tono ka, ko kai ka tono shi.

Don haka abu uku ba a fita babu su: na'urar neman wanda dusa ta binne, mai eriya uku, wadda duk duniya ke aiki a kan zango guda na kilohaz 457, da shebur na ƙarfe ba na roba ba, da sandar soke mai aƙalla santimita 240. Na'urar a jiki ake ɗaura ta, ba a jaka ba, kuma waya ta yi nesa da ita da santimita 20, in ana nema kuma 50. A Italiya tun 2022 doka ce ma ɗaukar waɗannan a inda ake fargabar zaftarewa. Jaka mai balan-balan, wadda ke kumbura don dusa kada ta binne ka, ƙari ce, ba ta maye gurbinsu.

Kaya kuma ba sa aiki da kansu. Yi kwas a ƙungiyar masu hawan tsauni ko ta masu koyar da sha'anin zaftarewa ta ƙasar da kake, Alpenverein a Ostiriya da Jamus, SAC a Suwizalan, AIARE a Amurka, Avalanche Canada a Kanada. Karanta sanarwar haɗari kowane dare da kowace safiya. Ta Suwizalan cibiyar SLF da ke Davos ce ke fitarwa. Ka binne jaka da na'ura a ciki, ku yi ta gwajin nema da agogo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar gaggawa a Turai 112 ce, a Ostiriya akwai 140 ta masu ceton tsauni. Shiga Alpenverein ta Ostiriya yana zuwa da inshorar ceto, kuma wanda ya taɓa ganin takardar kuɗin jirgin ceto ba ya tambayar amfaninta.

Nawa zan tanada, kuma na hannu yana yi?

Sabon siki da maɗauri da fata da takalmi, shirya wa Yuro dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu biyu da ɗari biyar. Kayan ceto uku, ɗari uku zuwa huɗu. A watan Maris da Afrilu shaguna na karya farashi sosai. Siki na hannu ba laifi, in ka duba bakinsa bai fashe ba kuma ba a huda shi sau uku ba, ka kuma tabbatar maɗaurin zai kai tsawon takalminka, don masu fil da yawa ba su da wurin matsawa sosai. Takalmi na hannu sai in za ka sa sabuwar safar ciki. Na'urar nema kuwa sabuwa, ba tsohuwar da ba ka san faɗuwa nawa ta yi ba.

Ina zan yi fitar farko?

A gefen fiste, kana hawa inda aka ware wa masu hawa. A kusa da Innsbruck, Rangger Köpfl ya yi suna da wannan. Nan za ka koyi ja da ƙafa maimakon ɗaga ta, da tsayawa a miƙe nauyi a diddige don fata ta cije, da rage amfani da mafi tsawon matashin da maɗauri ke ɗaga diddige da shi wajen hawa. Kiyaye lokacin rufewa: da dare motocin gyaran hanya suna aiki da igiyar ƙarfe da ba a gani. Mita 300 zuwa 400 na hawa a awa shi ne tafiyar mutum madaidaici, da shi za ka auna yininka.

Kafin ka shiga tsauni sosai, koyi juyin shuri, abin da mutanen nan ke kira Spitzkehre: ka tsaya a gangara, ka juya siki ɗaya ya kalli baya, ka mayar da nauyi kansa, ka shuri ɗayan ya biyo. Yi shi sau hamsin a ƙaramin tudu. Daga nan sai fita da jagora ko ayarin ƙungiya. Lampsenspitze, daga Praxmar a kwarin Sellrain, hawan kusan mita 1,200 ne, kuma an kafa allunan koyarwa a kan hanyar.

Azumi yana faɗowa cikin hunturu yanzu. Ana iya fita?

Na 2025 a Maris ya faɗo, na 2026 ya fara a tsakiyar Fabrairu, kuma zai yi shekaru yana ja baya cikin sanyi. Hawa yana fitar da gumi fiye da yadda kake zato, busasshiyar iskar sama kuma tana shan ruwan jiki ba ka sani ba. Ni doguwar fita nakan bar ta sai bayan Sallah. Wurare da dama a nan jihar Tirol suna ware wasu darare don masu hawa a gefen fiste, sai in sha ruwa, in yi Magariba, in kunna fitilar goshi in hau awa ɗaya. Af, tunda ana maganar jiki: baƙar fata ba ta hana rana ƙona ka a kan dusa, ido kuwa ba ruwansa da launi. Tabarau mai duhu da man leɓe su zauna a jaka.

Allon nawa fa, in sayar?

Kada ka sayar. Ranar da dusa ta kwana tana zuba, lif na aiki, har yanzu shi nake ɗauka, don ban kai rabin abin da nake yi a kansa ba in ina kan siki. Akwai dai wurare uku a Amurka da ba za su bar ka ka shiga da shi ba, Alta da Deer Valley a Utah da Mad River Glen a Vermont, nan sai siki. Shafa wa allon kaki mai kauri kafin ka jingine shi, don kada bakinsa ya yi tsatsa, ka sassauta kusoshin maɗaurin, ka ajiye shi inda babu laima.